Ka yi wa wayarka zaure: dokoki ga mai salula a Kance

A Kance ba a faɗa wa mutum cikin gida babu sallama. Baƙo a zaure yake tsayawa, in ya yi sallama sau uku ba a amsa ba ya juya. Amma ga ɗan ƙarfe a aljihunka da kowa ke kutso maka ta cikinsa, tsakar dare ko kana kan sallaya: mai tallan turare, ɗan siyasa, yaron da ya ga bidiyon akuya ya ce sai ka gani. Laifinka ne, kai ka bar ta babu zaure. Ga dokoki, kuma ba lallashi na zo yi ba.

Kada ka kashe wayar ɗungurungum, kada kuma ka danna alamar jirgi ka kwanta. Wannan shawarar mutanen da duk nasu ke gida ce. A nan da wuya ka ƙirga gida goma ba ka sami wanda nasa ke Tamanrasset, ko Libiya, ko Kano ba. Ba mu manta watan Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, galibi mata da yara, da yawansu 'yan ƙasar Kance ne da suka nufi Aljeriya. Uwar da ɗiyarta ke kan wannan hanya ba za ta kashe waya ba, kuma ni ba zan ce ta kashe ba.

Ka naɗa wa wayar mai gadi. Ja allon daga sama, za ka ga alamar jinjirin wata ko da'ira mai ɗan layi a tsakiya. In wayarka da Faransanci take magana, an rubuta "Ne pas déranger", wato kar a dame ni. Ba sabon abu ba ne, tun 2012 yake cikin iPhone, kuma yana cikin Tecno, itel da Infinix ɗin da muka fi riƙewa. Aikinsa shi ne saƙo ya shigo ya zauna shiru har ka waiwaye shi. Ba abin da ke ɓacewa. Ƙararrawar da ka saita don Asuba ma za ta buga, sai fa in kai ka hana ta.

Ka zaɓi waɗanda za su wuce zaure kai tsaye. Shiga jerin lambobinka, ka danna tauraro a kan sunan mahaifiya, mahaifi, iyali, wanda ke tafiya, da maigidanka na sana'a. Sannan ka koma wurin mai gadin ka ce kiran masu tauraro kaɗai zai yi kuka. Kada su haura bakwai. Na ga wanda ya sa wa mutum arba'in tauraro don kar a ji haushi. Wannan ya gina zaure ne ya rushe katangar gidan. In layi biyu gare ka, na Nijar da na Najeriya, kamar yawancin masu zirga-zirgar Ɗan Barto, duba ka tabbata duk lambobin mutumin suna ƙarƙashin suna ɗaya.

Ka buɗe ƙofar mai maimaita kira. A wayoyin Android, wanda ya sake kira cikin minti 15 zai samu shiga ko ba shi da tauraro. A iPhone minti 3 ne. Wannan ƙofa don ɗan'uwanka ce da cajinsa ya ƙare ya ari wayar direba.

Ka gwada kafin ka dogara. Sa ƙaninka ya kira ka ta layi, ya sake kira ta WhatsApp, domin ba lallai mai gadin ya ɗauki kiran biyu ɗaya ba, alhali matafiyanmu ta WhatsApp suka fi kira. In kuma kana jiran kuɗi ta Nita ko Amana, ka riƙa leƙa saƙonni da kanka.

Kada ka shiga masallaci da waya mai kuka. Liman na tsakiyar Fatiha, sai waƙar fim ta tashi daga sahu na biyu, mai ita kuma ya ƙame kamar ba tasa ba. Rannan waƙa ta kai mu har ruku'u. Mantuwa ba hujja ba ce, tunda wayar na karɓar jadawali: ka ce mata kowace Juma'a daga ƙarfe 1 zuwa 3 ta kama bakinta, kowane dare kuma daga 10 zuwa Asuba. Sau ɗaya za ka saita. Masu sa karatun Alƙur'ani a matsayin kukan waya, ku ma ku bari, kuna katse aya a inda ba a tsayawa.

Kada ka bar guruf ɗin WhatsApp ko ɗaya da murya. Abin dariya, su muke kira zaure, alhali su ne suka fi kowa shigowa har ɗaka. Guda ɗaya na iya ɗaukar mutum 1,024. In kashi ɗaya cikin goma suka ce barka da Juma'a, wayarka ta yi kuka sau ɗari. Zaɓi uku ake ba ka, awa 8, mako guda, ko kullum. Danna kullum. Na 'yan ajinku, na zumunta, na masu rake da kabeji, duk ka rufe musu baki, ka ware bayan Azahar da bayan Isha don dubawa. Ka hana bidiyo saukowa da kansa. Wanda ke biyan mai caji, ya kuma sayi intanet na jika, bai kamata allonsa ya yini yana haske don gaisuwar da ba shi kaɗai aka yi wa ba.

Ɗalibi mai shirin BEPC ko BAC, da ke da kai, taura biyu ba ta taunuwa. Tun 2019 Android ke da wani tsari cikin "Bien-être numérique" wanda za ka zaɓi TikTok da Facebook su dushe, su ƙi buɗuwa sai lokacin da ka yanka ya cika. In taka ba ta da shi, kashe intanet, ka miƙa wa inna wayar ta ajiye a ƙuryar ɗaki.

Kada ka duba waya a kan babur, ko hanyar Takeita ta miƙe babu kowa.

Kada ka mai da mai gadin nan mafakar rashin mutunci. Ba don ka guje wa wanda ke bin ka bashi aka yi shi ba, ba kuma don kawu ya kira sau uku ka wayi gari ka ce rezo ne. In ka buɗe, fara da mayar da kiran manya. Ka sanar da dangi tun wuri cewa bayan ƙarfe 10 wayarka shiru take, mai larura ya kira sau biyu a jere.

Kai ma kada ka zama annobar wani. In ba rasuwa, ba haihuwa, ba haɗari, saƙon muryarka na minti tara zai iya kwana. Na Makka ma ka tuna agogonsu ya riga namu da awa 2.

Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, zauna da wayar Baba da ta Inna ka saita musu, ka fara sa wa lambar na tafiya tauraro.