Yadda A Ke Yi Wa Ɗan Jirgin Sama Tagogi

Sa'ad da aka aike mu koyon koyarwa a wata makarantar firamare ta Unguwar Mu'azu, mun tarad da yaran wurin gwanaye ne wajen ƙera jiragen sama na wasa. Wani da karan dawa ya ke yi, wani da kwali, wani kuwa da gwangwanin madara. Fikafikai su kan fito daidai, wutsiya ta tsaya, har da farfela mai juyawa. Amma in an zo wajen taga sai dabara ta ƙare, ko su shafa baƙin fenti, ko su bar rami. Ran nan muna nuna wa aji wani jirgi da mu kanmu muka sassaƙa da katako, sai wani ɗan yaro ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, to, ta ina direban zai ga hanya?" Aji ya fashe da dariya, mu kuwa muka rasa abin cewa, gama gaskiya ya faɗa.

Tun daga ran nan muka ɗaura aniyar koyon wannan aiki. Mun ɓata kaya da yawa kafin mu gane kansa, saboda haka muka ga ya kamata mu rubuta abin da muka koya, domin 'yan'uwanmu da za su koyad da aikin hannu kada su faɗa ramin da muka faɗa.

Asalin tagar jirgi

Jiragen da suka fara sauka a ƙasar nan guda 3 ne, na mayaƙan sama na Ingila. Sun taso daga Masar, wani hafsa mai suna Coningham na jagorarsu, suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba, 1925. Waɗannan jirage ba su da rufi bisa kan matuƙi, sai ɗan gilashi a gabansa mai tare iska, shi kuwa ya sa tabarau. Da jirage suka ƙara sauri, suka ƙara nisa cikin sama inda sanyi ya ke da tsanani, tilas aka rufe mazaunin matuƙi. Gilashi kuwa ga nauyi, ga wuyar lanƙwasawa. Cikin shekarun 1930 masana a Jamus da Ingila suka fito da wata irin roba mai haske garau kamar ruwa, wadda Ingilishi suka sa wa suna Perspex. In ta ji zafi sai ta yi laushi, a ba ta siffar da a ke so, in ta huce ta tsaya a haka. Da ita aka rufe jiragen Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan dabara, watau zafi da siffa, ita ce mu ma za mu bi, sai dai tamu ƙarama ce.

Awo tukuna

Jirgin da muka zaɓa mu kwaikwaya shi ne Air Beetle, wanda aka harhaɗa guda 60 nan Kaduna cikin shekarun 1990 domin horad da matuƙan sojan sama. Mutum biyu ya ke ɗauka, kafaɗa da kafaɗa, rufinsa kuwa kamar an kife ƙoƙo. Daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin ƙafa 23 ne. Muka sa inci ɗaya ya tsaya a madadin ƙafa 2, watau kashi 1 cikin 24, sai fikafikan namu suka zama inci 11 da rabi.

To, abin da mutane su kan manta shi ne, kauri ma sai an rage shi da wannan lissafi. A ce kaurin tagar babban jirgi rubu'in inci ne. In an raba shi 24, abin da zai saura kusan kashi 1 cikin 100 na inci ne. Wanda ya sa roba mai kauri, jirginsa zai fito kamar mai kumburin ido. Abin daɗi, jikin gorar ruwa ta roba, irin wadda a ke zubarwa ko ina a gefen titi, kusan kaurinsa ke nan.

Tagogi iri uku ne: miƙaƙƙu, da ƙanana, da masu doro. Ko wane iri da hanyarsa.

Miƙaƙƙun tagogi

Waɗannan sun fi sauƙi. A nemi farar robar nan da masu ɗaurin takardu ke sa wa bango. A fara huda tagar a jikin jirgi, a gyara bakinta da magagari. Sa'an nan a ɗora takarda bisa ramin, a goga fensir har siffarsa ta fito, a yanke takardar, a gwada. In takarda ta zauna daidai, kana a yanka roba a kanta. Takarda ba ta da tsada, gwamma a ɓata goma da a ɓata roba ɗaya.

In jirgin fasinja na zamani a ke kwaikwaya, kada a yi wa tagogi kusurwa mai kaifi. Dalili kuwa, cikin 1954 jirage biyu na Ingila masu suna Comet suka tarwatse a sama. Da aka bincika, aka ga ƙarfen jikinsu ya gaji da kumbura da saki, tsaga kuwa daga kusurwar wata kafa ta kan fara, gama nan ƙarfin iskar ciki ya ke taruwa. Shi ya sa tagogin jiragen yau su ke da baki kewayayye. Malamin da ya gaya wa yara wannan sa'ad da su ke riƙe da magagari, ya koya musu abu biyu a darasi ɗaya.

Ƙananan tagogi

Tagar da ba ta wuce ƙwayar wake ba, ba ta bukatar roba ko kaɗan. A tsoma tsinke cikin farin gam na kafintoci, a zagaya bakin ramin da shi, sa'an nan a ja tsinken sannu daga wannan gefe zuwa wancan, har gam ya yi yana ya rufe ramin. Da fari zai yi fari kamar nono, in ya kwana ya bushe sai ya washe. Sai an gama fenti a ke yin wannan. Da damina ya kan ɗan yi hazo in ya sha laima, amma ba laifi, in ya bushe zai koma.

Taga mai doro

Nan aikin ya ke. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu wankin hula ya ga katakon da su ke ɗora hula a kai don ta ɗauki siffa. Irinsa za mu sassaƙa, amma da siffar rufin jirgi. Mu da guntun malaina muka yi, wanda muka samo wurin kafintocin Panteka. A sassaƙa shi ya gaza ainihin rufin da kaurin roba, a bar masa ƙarin gindi kamar rubu'in inci, domin a sami abin datsewa daga baya. A goge shi da samfefa, a fara da mai kaushi a ƙare da mai laushi, har ya yi sumul. Kada a raina wannan, gama ko wane ƙurji na katako zai fito a jikin roba. Kada kuma a shafa masa fenti, zafi zai narkad da shi ya manne.

Sa'an nan a zaɓi gora mai santsin ciki, marar zane, a yanke kai da gindi. A zura katakon ciki, doronsa na duban inda ya fi santsi, a cusa wani guntun itace ƙarƙashinsa har ya matse. A hura gawayi a kurfoti, a jira harshen wuta ya mutu, garwashi kaɗai a ke so. A riƙe da awartaki kamar taƙi guda bisa garwashi, a fara gasa ƙarƙashi da bakuna biyu, ana juyawa, kana a zo kan doro. Za a ga roba na tsukewa da kanta tana rungumar katako. Dalili, tun a ma'aikata da zafi aka miƙe ta aka hura ta, in ta sake jin zafi sai ta nemi komawa yadda ta ke da. Da ta lafe a janye. In aka daɗe, za ta yi fari kamar ƙanƙara, ba kuwa ta komowa. A waje za a yi wannan, inda iska ke kaɗawa, malami ne kuma zai riƙe, yara su tsaya baya su duba.

In ta huce sarai, a tsaga ta da reza daga ƙarƙashi, a fid da katako. A riƙa datse baki da almakashi kaɗan kaɗan, ana gwadawa a jikin jirgi. Abin da aka rage ana iya ƙara ragewa, abin da aka zarce kuwa sai sabuwar gora.

Mannawa

A nan muka yi babbar hasara. Ana gobe iyayen yara za su zo kallon aikin hannu, rufinmu ya fito garau, har kujeru biyu da muka yi a ciki ana gani. Don gaggawa muka ɗiga masa gam ɗin nan mai kamawa nan take, wanda a ke kira sufa gulu. Da gari ya waye muka tarad da cikin rufin ya yi fari fat, ga shatar yatsunmu kwance a jiki. Ashe tururin wannan gam ya kan bi laima da maiƙon hannu ya daskare a kansu, har 'yan sanda a ƙasashe da yawa da shi su ke fid da shatar yatsun ɓarayi. Aikin mako biyu muka kai gaban iyaye da makahon ido. Garaje ba ƙarfi ba ne.

Hanyar da ta dace ita ce wannan. A gama fentin cikin jirgi tukuna, gama in an rufe ba sauran shiga. A wanke rufin da ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe da kansa, daga nan sai a gefe za a kama shi. Da hunturu a kula ƙwarai, don roba in an goge ta da busasshen tsumma ta kan jawo ƙura. A shafa farin gam siriri a bakin mazauni da tsinke, a aza rufin, a ɗaure da zare ko salatif, a bar shi ya kwana. Wanda ya ɓullo waje a share da jiƙaƙƙiyar auduga tun bai bushe ba. Ƙarafan da ke riƙe da taga kuwa, kada a zana su da buroshi, hannu ya kan yi rawa. A fenta takarda, a yanka ta siri siri, a manna. In an sami ɗan ƙarzani marar zurfi, man goge baki da auduga su kan rage shi.

Bayan mako guda muka sake wani rufin, muka bi wannan hanya, muka kai aji. Yaron nan ya ɗauki jirgin, ya kai shi saitin idonsa, ya leƙa ta wannan gefe ya hango abokinsa ta wancan, bai ce kome ba, sai washegari muka gan shi da gorori uku a jakarsa.

Abin da za mu roƙi 'yan'uwa shi ne, in za ku koyad da wannan, ku tanadi gorori da yawa, ku bar ko wane yaro ya sassaƙa katakonsa, ya ɓata, ya sake. Kuskuren katako fenti ya kan rufe shi, na taga kuwa a fili ya ke zama, don haka a nan yaro ya ke koyon awo da tsabta da haƙuri. Wanda ya gwada ya sami wata dabara da ta fi tamu, muna so ya rubuto ta cikin fitowa ta gaba, mu ma mu ƙaru.