Agogon da ke faɗin lafiyar batirin mota

Motar bashe ita ce jakin garuruwanmu na yau. Ita ke kai hatsi da albasa kasuwa. Ita ke kai mai naƙuda gidan likita cikin dare. Amma in batiri ya mutu, mota ba ta tashi, ko da an cika ta da mai. Sai a tara samari su tura cikin rairayi, maras lafiya yana jira.

Batiri ba ya mutuwa rana ɗaya. Yana raguwa ne sannu sannu, direba bai sani ba. Jar fitilar da ke gaban direba ba ta kamawa sai ɓarna ta riga ta yi nisa. Akwai wani ƙaramin agogo da ke gaya wa direba gaskiya tun da wuri. Masu gyaran mota suna kiran sa boltimeta. Aikinsa shi ne awon ƙarfin wuta. Kamar yadda ake awon hatsi da tiya, haka ake awon ƙarfin wuta da bolt.

Mu san batiri

Batirin bashe yana da ɗaki 6 a cikinsa. Kowane ɗaki yana ba da bolt 2 da ɗan abu. In an haɗa su, batirin da ya cika yana nuna 12,6. Ana karanta shi haka: sha biyu, waƙafi, shida. Batiri ne ke tada inji. In inji ya tashi, dinamo ke mayar wa batiri wutar da ya kashe.

Yadda ake saka agogon

A sayi agogo na bolt 12. Manyan kamiyo da yawa na bolt 24 ne, kada a ɗauko nasu. Agogo iri biyu ne: mai allura da mai lambobi. Mai lambobi ya fi sauƙin karantawa.

1. A kashe inji, a zare makulli.
2. A kwance wayar batiri ta wajen alamar ragi (–) tukuna. Wannan yana hana tartsatsi.
3. A ɗaura agogon inda direba zai gan shi ba tare da ya sunkuya ba.
4. A haɗa jar waya da wayar da ke samun wuta sai an murɗa makulli, kamar wayar rediyo. In an haɗa ta da batiri kai tsaye, agogon zai kwana yana shan wuta.
5. A sa ƙaramin fizibil a kan jar wayar. In wayoyi sun haɗu, shi zai ƙone, mota ta tsira.
6. A ɗaure baƙar waya a jikin ƙarfen mota, inda babu fenti, babu tsatsa.
7. A mayar da wayar batiri, a ɗaure ta sosai.

Wanda bai saba da wayoyin mota ba, ya kai wa makaniki. Aikin ba shi da tsawo.

Yadda ake karanta shi

Da safe, bayan mota ta kwana, a murɗa makulli taki ɗaya, fitilu a kashe, inji bai tashi ba:
12,6: batiri ya cika.
12,2: saura kamar rabi.
12,0 ko ƙasa: batiri ya kusa ƙarewa, a kai shi a cika shi yau.

Lokacin da ake tada inji, lamba tana sauka, wannan ba laifi ba ne. Amma in batiri ya cika, kuma lamba ta faɗi ƙasa da 10 sosai, batirin ya tsufa. A fara tanadin kuɗin sabo. Wasu motoci suna yanke wa wayar rediyo wuta lokacin tada inji. In haka ne, makaniki ya auna a kan batirin.

In inji yana aiki:
13,8 zuwa 14,4: dinamo yana aiki daidai.
Ƙasa da 13: batiri ba ya samun wuta. A duba igiyar roba da ke juya dinamo, ko ta saki ko ta tsinke. A duba kawunan batiri.
15 ko sama: wuta ta yi yawa. Ruwan batiri zai tafasa, fitilu su ƙone. A je gareji ba jinkiri.

Mu kula da batiri

Zafin bazara yana cin batiri, yana ƙafar da ruwansa. In batirin mai murfi ne, a duba ruwan kowane wata. A ƙara tataccen ruwan batiri kaɗai, ban da ruwan rijiya. A goge farin garin da ke taruwa a kawunansa. Kada a bar shi kwanaki babu wuta, don zai lalace. Kada a sha taba kusa da shi, iskar da yake fitarwa tana kama wuta.

Kowace safiya, direba ya dubi agogon kafin ya tashi, ya rubuta lambar cikin littafin mota. In lamba tana raguwa mako bayan mako, a gyara tun ana cikin gari.

Tambayoyi

1. Ɗaki nawa ke cikin batirin bashe?
2. Wace waya ake fara kwancewa?
3. Inji yana aiki, agogo ya nuna 12,3. Me direba zai duba?