Doki yana harbi ne don tsoro

Ƴan uwa manoma da makiyaya, sau da yawa in doki ya harbi yaro sai a ce mugu ne, a hau shi da bulala. Galibi ba mugunta ba ce. Tun asali doki dabba ce da namun daji ke farauta, saboda haka in ya firgita ba ya da makami sai gudu da harbi.

Idanun doki a gefen kai suke. Yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi ba tare da ya juya ba, amma akwai wuri 2 da ba ya gani: daidai bayan wutsiyarsa, da kuma dab da goshinsa. Wanda ya lallaɓo ta baya shiru ya taɓa shi, a wurin doki bai da bambanci da kura. Ku zo masa ta wajen kafaɗa, kuna magana a hankali, ku ɗora hannu a wuyansa tukun. A hana yara wasa bayan turke.

Idonsa kuma ba ya saurin sabawa da duhu kamar namu. In ya fito daga rana ya toge a bakin zaure, ba taurin kai ba ne. Ku ba shi lokaci kaɗan, zai shiga.

Kunnuwansa su ne bakinsa. Kowanne yana juyawa shi kaɗai. In sun miƙe gaba, ya ji wani abu yana saurare. In ya kwantar da su baya sun manne da wuya, ya husata: ku ja da baya, cizo ko harbi na tafe. Jinsa ya fi namu, shi ya sa dokin da za a kai hawan salla a Damagaram ya kamata a saba masa da tambura da ƙarar bindiga daga nesa, sannu-sannu, tun kafin ranar.

Mahayi ya tuna fatar da ke jin saukar ƙuda ba ta bukatar kaimi har jini. Figar linzami na yanke baki, dokin da bakinsa ke ciwo kuwa shi ke kada mai shi.

In doki ya ji wa mutum rauni, a wanke da ruwa da sabulu, a kai shi likita ranar nan. Ƙwayar ciwon sarƙe haƙora tana zama cikin kashin doki da ƙasar barga, kuma akwai allurar rigakafinta.