Gado da Cin Abincin Shanu Masu Tasowa

A sana'ar kiwon shanun nama, abinci ne ke cinye mafi yawan kuɗin makiyayi. Sai dai kuma masana sun lura da wani abin ban sha'awa: za a sami maruƙa biyu masu nauyi ɗaya, suna girma daidai wa daida, amma ɗaya ya fi ɗan'uwansa ci. Wani ɓangare na wannan bambanci gado ne.

Yadda ake aunawa

Hanya mafi sauƙi ita ce a raba nauyin abincin da dabba ta ci da nauyin da ta ƙara. Illarta ita ce, zaɓen iri da wannan ma'auni yakan haifar da manyan shanu, waɗanda riƙonsu ke da tsada. A shekarar 1963 Robert Koch da abokan aikinsa a Amurka suka kawo wata dabara. Da farko a lissafa abincin da ya kamata dabba ta ci bisa ga nauyinta da saurin girmanta, sannan a debe shi daga abin da ta ci a zahiri. Abin da ya rage shi ne "rarar ci". Dabbar da ta ci ƙasa da lissafi ita ce mai tattali.

Gwajin Ostareliya

Daga shekarar 1993, cibiyar binciken noma ta Trangie a Ostareliya ta riƙa auna cin maruƙan irin Angus ɗaya bayan ɗaya. Aka haɗa masu tattali da masu tattali, masu yawan ci da masu yawan ci. Bayan kimanin zuriya biyu, 'ya'yan garken farko sun riƙa cin ƙasa da na biyu da kusan kilo 1.2 a kullum, alhali girmansu bai bambanta ba. Bincike ya nuna cewa wajen kashi ɗaya cikin uku na bambancin da ke tsakanin dabbobi a wannan hali daga ƙwayoyin gado yake.

Ina abincin ke tafiya?

Mafi yawan ƙarfin da saniya ke samu daga abinci yana ƙarewa ne wajen riƙe rai, wato numfashi, bugun zuciya, ɗumin jiki da sabunta tsoka. Dabbobi sun bambanta a wannan, haka kuma a narkar da abinci cikin tumbi da yawan kai-da-kawo. Dabba mai tattali takan ɗan rage kitse, don haka masu zaɓen iri ke lura da wannan, saboda ana bukatar kitse wajen haihuwa.

Darasin a nan shi ne, ido ba ya gane dabba mai tattali, sai ma'auni. Mai turkar Bunaji ko Bokoloji da ba ya auna dusa da harawa ba zai san bijimin da ke cinye masa riba ba.

Aiki ga ɗalibai

Idan bambancin ci kilo 1.2 ne a kullum, kilo nawa mai maruƙa 50 zai adana cikin kwana 100?