Garuruwa Masu Ruwa da Ɗari: Wanne Za Ka Zaɓa?

Wannan darasi na labarin ƙasa ya kan rikita yara, har ma da waɗansu malamai. Dalili kuwa, mu a nan mun saba ruwa ya kan biyo bayan zafi. In bazara ta ƙure, sai hadari ya haɗo, damina ta kama. Da ɗari kuwa ko ɗigo ba mu gani. To, akwai ƙasashen da abin ya ke a juye. Su lokacin zafinsu shi ne raninsu, sama tas ba girgije, sa'an nan ruwa ya zo musu tare da sanyi. Ana kiran wannan yanayi da sunan Bahar Rum, domin a gaɓarsa aka fi saninsa.

Wurare biyar ne a duniya su ke da shi: kewayen Bahar Rum, da Kalifoniya a Amurka, da tsakiyar ƙasar Chile, da kusurwar Afirka ta Kudu wajen Keftawun, da kudu maso yammacin Ostareliya tare da wani yanki na kudancinta. Ku sa yara su nemo su a taswira. Za su ga galibinsu suna yammacin manyan ƙasashe, tsakanin digiri 30 da 45 daga Ikwaita. Da lokacin zafi, iska mai nauyi, mai saukowa daga sama, ita ke zama bisansu, irin wadda ke kan Sahara, ba ta kuwa haɗa hadari. Da ɗari sai ta ja baya wajen Ikwaita, iskar yamma ta samu hanya ta kawo ruwa daga teku. Saboda haka manomansu su kan shuka alkama da shigowar sanyi, su girbe da farkon zafi. Itatuwan da ke jure dogon rani, kamar zaitun da inabi da ɓaure, su ne arzikin ƙasar.

Amma kada yaro ya ɗauka duk garuruwan nan ɗaya su ke. Wani masani, Wladimir Köppen, ya raba su biyu. In matsakaicin zafin watan da ya fi kowane zafi ya kai digiri 22 na Santigired, garin yana cikin masu zafi ƙwarai, kamar Rum da Atina da Sebil ta Sifen. In bai kai ba, yana cikin masu ɗumi, kamar San Faransisko da Foto ta Fotugal.

Na taɓa tambayar aji, in an ce kowa ya zaɓi gari guda ya zauna, wanne zai ɗauka? Mai jin ɗari ya ce Sebil. Yana da hujja, gama a watan Yuli zafin rana ya kan kai digiri 36 a can, bai yi nisa da bazarar Kano ba. Amma zafi ba abin wasa ba ne a ƙasashen nan. A Yuli 1977 an auna digiri 48 a gefen Atina, kuma ba a wuce wannan a Turai ba sai a Agusta 2021, sa'ad da aka sami 48.8 a tsibirin Sisili. Daji kuma ya kan bushe ƙamas. Gobarar da ta tashi a Mati, kusa da Atina, a Yuli 2018 ta ci rayuka fiye da 100.

Wani ya ce shi San Faransisko, wai ya ji an ce Kalifoniya ƙasar rana ce. Wannan ya zaɓa bai duba ba. Ruwan teku mai sanyi yana gangarowa daga arewa ta bakin gaɓar, in iska ta bi ta kansa sai ta rikiɗe ta zama hazo mai laima, ya lulluɓe garin. A tsakiyar Yuli da ƙyar zafin rana ke kai digiri 20. Baƙo ya kan iso da 'yar shara, da maraice ya shiga neman rigar sanyi. Wanda ba ya son gumi, lalle nan ne wurinsa.

Keftawun ta fi jan hankalin yawancinsu. Da ya ke tana kudu da Ikwaita, ruwanta ya fi yawa daga Yuni zuwa Agusta, watau daidai da daminarmu, sai dai su a lokacin ɗari su ke. Zafinta na Janairu madaidaici ne, ga iska mai ƙarfi daga kudu maso gabas wadda mutanen garin ke yi wa laƙabi da likita, don tana share ƙazantar sama. Amma garin da ke shan ruwan ɗari da rani yana dogara ne ga abin da madatsai suka tara. Bayan shekara uku na ƙarancin ruwa, a Fabrairu 2018 aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, wanka da wanki da girki duk a ciki, har ana lissafin ranar da za a rufe famfo. Allah ya taimake su ruwa ya sauka kafin ranar ta zo.

Ni dai in an tambaye ni, Rum zan ce. Ruwanta na shekara wajen milimita 800 ne, kusan daidai da na Kano, ninki biyu na Atina, kuma ɗarinta ba mai tsanani ba ne. Foto ta fi ta sanyin rani, amma ruwanta ya haura milimita 1,000, mai wanki zai sha jiran rana.

In za ku koyar da darasin, ku rubuta ruwan Kano da na Rum wata wata a allo, yara su zana su a takarda guda. Za su ga tudun Kano a Agusta, daidai inda na Rum ya kwanta. Sa'an nan kowa ya zaɓi garinsa, ya kawo dalili biyu daga alƙaluman, ya kuma faɗi wahala guda da zai tarar a can.