Darasin Sauraro Daga Bakin Ruwan Yauri

'Yan'uwa, bayan sallar asuba na zauna a bakin ruwa a Yelwan Yauri, na kashe waya. Da farko ban ji komai ba. Can sai ga kukan kwaɗi da bugun filafili. Wani masunci ya ɗago kurungu, na ji yana gurnani. Ashe ƙayarsa yake gogawa, ko a ƙarƙashin ruwa haka yake yi, har masana kan zura makirfo su naɗa.

Injin kwalekwale na tashi, duk suka ɓace.

Haka zuciya take. In hayaniya ta cika ta, ba ta jin tasbihin halittu da aya ta 44 a Suratul Isra'i ta ambata, balle nishin maƙwabci mai yunwa. Mu koyi yin shiru. Allah Ya sa mu dace.