Yabon 'Yan Gem a Steam: Har Ina Za a Yarda da Shi?

TAMBAYA: Wani mai karatu daga Zariya, wanda ya ce shi ne babba a gidansu kuma shi ke saya wa ƙannensa data, ya aiko yana cewa: "Ƙanena ya nuna mini wasu gem a kasuwar Steam waɗanda ya ce mutum ɗaya ko biyu ne suka yi su, amma sama da kashi 90 cikin 100 na masu bugawa sun yabe su, har sun fi na manyan kamfanoni. Wasu ma da na duba ba gudu ba harbi, rubutu ne kawai da hotuna, kuma an sa musu alamar na manya. Shin yabon nan na gaskiya ne ko na haya? Kuma in gem ya samu irin wannan yabo, zan iya sakin jiki in bar yaro da shi?"

AMSA: Malam, na ji daɗin tambayar nan, don ka dubi abin da idonka kafin ka yanke hukunci. Tambayoyi biyu ka haɗa, amsarsu kuma ta bambanta. Yabon, mafi yawansa, na gaskiya ne. Amma abin da yake aunawa daban ne da abin da kake son sani game da ƙanenka.

Waɗannan da ƙanenka ya nuna maka su ake kira gem ɗin indi, wato wanda mutum ɗaya ko 'yan tsirarun mutane suka yi da ƙarfinsu da aljihunsu, ba tare da babban kamfani ya ɗauki nauyinsu ba. Stardew Valley, gem ɗin noma da kiwo da ya fito a 2016, wani Ba'amurke ne mai suna Eric Barone ya yi shi shi kaɗai: shi ya zana, shi ya rubuta labarin, shi ya haɗa kiɗan, ya kwashe sama da shekara huɗu a kai. Hollow Knight na 2017 kuwa 'yan mutane ne ƙalilan a birnin Adelaide na Ostareliya. Tun 2017 kamfanin Valve, mai kasuwar Steam, ya buɗe ƙofa: duk wanda ya biya dala 100 ya cika takardu zai iya ɗora gem ɗinsa. Shi ya sa yanzu sababbin da ke fitowa a shekara sun haura dubu goma. Mai ƙaramin ƙarfi ba shi da kuɗin talla, to bakin masu bugawa shi ne tallarsa kaɗai.

Ga yadda ake samo lambar da ka gani. Tun 2013 Steam ya ba duk wanda ya buga gem damar rubuta ra'ayinsa, ya ɗaga babban yatsa sama ko ya kifar da shi ƙasa. Babu maki na tsakiya. Sai an tara ra'ayi goma kafin a nuna hukunci. Daga kashi 40 zuwa 69 ana ce masa ra'ayi ya rabu. Hukunci mafi girma, wato yabo mai rinjaye, sai gem ya kai kashi 95 kuma aƙalla mutum 500 sun tofa albarkacin bakinsu. A 2016 Valve ya toshe wata kafa: wanda ya samu gem ta hanyar lambar kyauta daga mai shi yana iya rubutu, amma ƙuri'arsa ba ta shiga lissafi. Sannan a gefen kowane ra'ayi ana nuna awa nawa mutumin ya yi yana bugawa. Ba wai an kawar da maguɗi kwata-kwata ba, amma sayen yabon mutum dubbai a irin wannan tsari yana da tsada da wuya, kuma Valve ya sha korar waɗanda ya kama suna yi.

To me ya sa ƙananan suke fin manyan? A nan ne nake so ka tsaya ka dubi su waye masu jefa ƙuri'ar. Gem ɗin babban kamfani ana tallarsa ga miliyoyin mutane, ana sayar da shi dala 60 ko 70, kowa ya shigo da dogon buri, har da wanda irin gem ɗin ba ya cikin abin da yake so. Kaɗan ya gaza, sai a huce a kansa. Stardew Valley kuwa dala 15 ne, kuma wanda ya je ya saye shi ya riga ya san shuka zai yi, ya shayar da gona, ya kama kifi. Ya samu abin da ya zo nema a farashi mai sauƙi, sai ya ɗaga yatsa. Ma'anar kashi 95 ke nan: gem ɗin ya cika alkawarin da ya yi wa mutanen da suka zaɓe shi da kansu. Lambar ba ta ce komai game da wanda bai zo ba, ko wanda bai kamata ya zo ba.

Akwai kuma dokar mayar da kuɗi da aka kafa a 2015. In ba ka kai awa biyu kana bugawa ba, kuma ba a wuce kwana 14 da saye ba, kana iya karɓar kuɗinka. Da yawa daga waɗanda abin bai yi musu ba ta nan suke fita shiru, a bar masoya da fili. Dokar tana da amfani, amma ta taɓa cutar masu gajerun gem. A 2021 mai Summer of '58, wani gem na ban tsoro da ake gamawa cikin ƙasa da awa biyu, ya fito yana kuka cewa mutane suna bugawa har ƙarshe, su yabe shi, sannan su karɓi kuɗinsu. Wannan ba adalci ba ne, kuma ina faɗa wa matasanmu su guji yin haka.

Suka ma ba kullum take nufin gem ɗin ya lalace ba. A 2017 masu Firewatch suka samu saɓani da fitaccen mai bidiyo PewDiePie, sai magoya bayansa suka yi wa gem ɗin rubdugu da baƙar ƙuri'a, alhali ba abin da ya canza a cikinsa. A 2019 Devotion, na kamfanin Red Candle Games a Taiwan, ya sha irin wannan daga 'yan ƙasar Sin bayan an gano wani rubutu a ciki da ke zolayar shugabansu, har aka janye shi daga kasuwar. Saboda irin haka Valve ya ƙara jadawali mai nuna yadda ra'ayi ke hawa da sauka a kan lokaci, kuma daga 2019 yana cire ƙuri'un rubdugun da ba su shafi gem ɗin ba daga lissafi. Lokaci ma yana juya hukunci. No Man's Sky ya fito a 2016 ya sha zagi don bai kawo abin da aka yi alkawari ba, masu shi suka yi shekaru suna gyara kyauta, sai a 2024 jimillar ra'ayinsa ta kai kashi 80. Shi ya sa shafin ke nuna layi biyu, na kwana 30 da suka wuce da na gaba ɗaya. A duba duka biyun.

Yanzu ga waɗanda ka ce rubutu ne kawai. Sunansu bijuwal nobel, wato labari mai hoto. Kana karantawa a ƙasan allo, hoton mai magana yana tsaye a sama, kiɗa yana tashi a hankali, wani lokaci da muryar ɗan wasa. Can sai labarin ya tsaya ya ba ka zaɓi: ka bi wannan ko ka bi waccan, ka faɗi gaskiya ko ka yi shiru. Abin da ka zaɓa shi zai kai ka ga ƙarshe daban. Asalinsu Japan ne, inda suka kafu a shekarun 1990 da ayyukan kamfanoni irin su Chunsoft da Leaf da Key. Yau kowa na iya yin nasa da manhajar Ren'Py, wadda kyauta ce, shi ya sa suka cika Steam da shafin itch.io.

Alamar na manya ba abu ɗaya take nufi ba. Doki Doki Literature Club na 2017 hotunansa na 'yan makaranta ne masu fara'a, wanda ya gani zai ɗauka na yara ne, amma labarin ban tsoro ne da ya ƙunshi ciwon damuwa da kashe kai, kuma da gargaɗi yake buɗewa. Balatro na 2024, wanda gem ɗin karta ne ba labari ba, hukumar PEGI ta Turai ta sa masa shekara 18 don kamanninsa da caca, ko da yake ba a zuba kuɗi a ciki, daga baya aka sauke shi zuwa 12. Sai kuma kashi na uku, wanda na san shi ne damuwarka: masu batsa ƙarara. Suna nan, kuma da yawa. Tun 2018 Valve ya yarda a sayar da su, bisa sharaɗin mai gem ya bayyana abin da ke ciki, a kuma ɓoye su daga wanda bai je ya kunna ganinsu da hannunsa ba. A watan Yulin 2025, bayan matsin lamba daga kamfanonin hada-hadar kuɗi ta kati, Steam ya cire wasu daga ciki, itch.io kuma ya ɓoye irin su daga bincike.

Wani abu da ke rikita mutane shi ne labari ɗaya yana iya zuwa iri biyu. Fate/stay night ya fara fitowa a 2004 a matsayin na manya, sannan a 2007 aka fitar da shi a PlayStation 2 an cire wuraren batsar, kuma a kan wannan tsaftataccen aka gina wanda ke Steam yanzu. Wasu masu gem kuwa tsaftataccen suke ɗorawa a kasuwa, su ajiye ƙarin fayil a wani shafi daban wanda ke dawo da abin da aka cire. A cikin ra'ayoyin masu bugawa ake gane wannan, don su ne ke nuna wa juna hanya. In ka ga ana ta maganar faci, wato wannan ƙarin fayil ɗin, ko shekara 18 a ƙarƙashin gem ɗin da shafinsa ya yi kama da mai tsabta, ka san akwai wata a ƙasa.

Irin waɗannan na manya sukan samu yabo mai yawa, kuma dalilin shi ne wanda na faɗa a baya, sai dai a nan ya fi ƙarfi. Ba wanda yake tuntuɓe da su sai wanda ya nema. Masu jefa ƙuri'ar duk sun riga sun yarda da irin abin, don haka muhawararsu a kan wasu abubuwa take: zanen ya yi kyau? Labarin yana da ma'ana ko an yi shi ne don cika wuri? Zaɓin da ake ba ka yana canza wani abu? Da yawa daga gem ɗin nan kashi-kashi ake sakinsu, masoya suna biya duk wata ta shafin Patreon, kamar yadda marubutanmu na intanet suke sakin littafi shafi-shafi a gurup ɗin WhatsApp na kuɗi. Kukan ma iri ɗaya ne: an karɓi kuɗi, an ja labari, sabon kashi ya ƙi fitowa, ko mai shi ya ɓace ya bar shi a tsakiya. Akwai kuma masu rubuta barkwanci na layi ɗaya don a yi musu dariya, ƙuri'arsu kuma daidai take da ta wanda ya zauna ya yi nazari. A cikin dubban masu jefa ƙuri'ar da wuya ka samu wanda ya tsaya yana tambaya ko abin ya dace da yaro ɗan shekara 14, don ba don shi suka rubuta ba.

Ba zan ɓoye maka ra'ayina ba. Masu batsar nan ba na shawartar kowa da su, babba ko yaro, kuma kashi 98 ba ya sauya mini wannan. Amma zai zama asara a kori labari mai hoto gaba ɗaya saboda su. Clannad na 2004 babu batsa a cikinsa, labarin iyali ne da rashi da haƙuri, mai tsawon awoyi masu yawa. Jerin Ace Attorney na kamfanin Capcom, da ya faro a 2001, lauya ne ke tono gaskiya a kotu, yaro yana karatu yana auna hujja da hujja. Matashin da ya zauna da irin waɗannan Turancinsa ma yana ƙaruwa.

In za ka duba wa ƙanenka, ka bar lambar da ke sama ka gangara. A shafin kowane gem mai nauyi akwai wurin da mai shi ya bayyana abin da ke ciki na tashin hankali ko tsiraici, ka fara da nan. Ka karanta alamomin da masu bugawa suka liƙa masa a gefe. Sannan ka tace ra'ayoyin ka fito da na suka, ka nemi wanda mai shi ya yi awa 20 ko 30 kuma ya yi dogon bayani, don shi ne zai gaya maka abin da ke can tsakiyar labarin, inda hoton talla bai kai ba. Idan labari mai hoto ne, shafin VNDB yana jera kowane bugu da shekarun da aka ƙayyade masa. Kada ka dogara da tambayar ranar haihuwa da Steam ke yi a ƙofa, kowane yaro ya san ya rubuta 1990. Abin da ke aiki shi ne tsarin Steam Families da aka buɗe wa kowa a 2024: ka shigar da asusunsa a matsayin na yaro a ƙarƙashin naka, ka zaɓi gem ɗin da zai iya buɗewa da awoyin da zai yi a rana, in yana son sayen sabo kuma buƙatar ta zo gare ka ka amince ko ka ƙi.